Ka sa hannu, shi kuma ya gudu Beljik da kuɗin rijiyoyi: ga inda maganarka ta tsaya

Ɗan'uwa na Tawa, na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce kai ne ma'ajin ƙungiyarku ta manoman albasa, Tarayyar Turai ta ba da kuɗin gina rijiyoyi, shugaban aikin ya riƙa kawo maka faktir na ƙarya kana sa hannu ba ka duba ba, kuɗin suka faɗa wani asusu a Beljik, shi ma ya bi su tunda yana da takardun ɗan ƙasa can.

To gudun nan bai tsirar da shi ba. Tun watan Yuni na 2021 Turawa suna da ofishin mai gabatar da ƙara guda ɗaya a Luksambur wanda aikinsa kenan, bin masu cin kuɗin Tarayyar, kuma Beljik tana cikin ƙasashen da ofishin yake aiki a cikinsu. In wani ɓangare na laifin a Beljik aka yi, ko ɗan ƙasar ne ya yi, suna iya kai shi kotun can Beljik ɗin. Galibi daga yuro 10,000 suke shiga magana, wajen sefa miliyan 6 da rabi kenan, naku kuwa ya wuce haka. Akwai kuma OLAF, ofishin yaƙi da zamba na Tarayyar Turai, su bincike kawai suke yi ba sa gurfanarwa, amma kowa yana iya rubuta musu ta intanet ko bai faɗi sunansa ba.

Su zo Tawa su kama ka kuwa, wannan ba ya yiwuwa, in suna son jin bakinka sai sun bi ta hukumomin shari'ar Nijar.

Amma wallahi ba Turai ce ta dame ni ba, sa hannunka ne. A nan gida ana iya tuhumarka da haɗa baki ko amfani da takardun jabu, kuma "ban sani ba" magana ce da alƙali yake ji kullum, sai ka nuna masa. Shi ya sa nake so ka riga kowa zuwa. Tattara kwafin kowace faktir, takardun banki, rahoton taronku, sannan saƙonnin WhatsApp da yake matsa maka ka sa hannu da gaggawa, kai su wurin wusiye, wato ma'aikacin shari'a mai tabbatar da abin da ya gani a rubuce, ya rubuta su a takarda ta hukuma kafin wayar ta lalace ko wani ya ce ka goge. Dan Allah kar ka goge komai, ko wanda kake ganin zai ba ka kunya.

Daga nan ƙungiya ta zauna ta yanke shawara a rubuce, ku kai ƙara wurin farkire, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, a babbar kotun Tawa, ku shiga a matsayin waɗanda aka cuta don ku samu damar neman diyya.

In jandarma suka riga suka kira ka, je ka, amma tare da lauya, kuma kar ka sake sa hannu a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba.