Hukuncin ƙasusuwan da suka rage bayan an ci nama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Gidanmu gidan yawa ne, kusan kullum sai mun tara ƙasusuwa bayan an ci abinci, na dabba da na kaza da ƙayar kifi. Na ji ana cewa ƙashi abincin aljanu ne, don haka zuba shi a kwandon shara zunubi ne, sai dai a binne. Wata kuma ta ce mini ƙona shi haramun ne. Ina da ɗan lambu a bayan gida, kuma an ce garin ƙashi taki ne mai kyau. Mene ne hukuncin waɗannan, kuma wace hanya ce ba za ta cutar da muhalli ba?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malama, rabin abin da kika ji gaskiya ne, ɗaya rabin kuma ƙari ne na mutane. Cewa ƙashi abincin aljanu ne ya tabbata. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa aljanu sun roƙi Annabi (SAW) guzuri, sai ya ce musu duk ƙashin da aka ambaci sunan Allah a kansa nasu ne, zai zo hannunsu cike da nama, kashin dabbobi kuma abincin dabbobinsu ne. Sannan ya ce wa sahabbai: "Kada ku yi tsarki da su, domin abincin 'yan'uwanku ne." Bukhari ma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya sa shi ya nemo masa duwatsun tsarki, ya ce kada ya kawo ƙashi ko kashin dabba, ya kuma ba shi labarin tawagar aljanun garin Nasibina da suka zo masa.

To, ki duba abin da aka hana. Tsarkin hoge da ƙashi aka hana, malamai kuma suka riskar da duk wani ɓata shi da najasa da gangan, kamar a yi fitsari a kansa ko a jefa shi a masai. Iyakar hanin ke nan. Babu inda aka ce a binne, babu inda aka ce a wanke shi a adana. Sahabbai suna cin nama, suna gwaguyar ƙashi, suna yar da shi. Da binnewa wajibi ce, da an bayyana, domin abu ne da ke faruwa a kowane gida. Hadisin Abu Huraira da kansa yana nuna haka, domin a cikinsa Annabi (SAW) ya roƙa musu Allah kada su wuce wani ƙashi face sun sami abinci a kansa. Wanda ake wucewa kuwa yasasshe ne, ba binnanne ba. Ƙashin da shari'a ta wajabta a rufe a ƙasa shi ne na ɗan Adam, saboda alfarmarsa, har ya zo a ruwayar Abu Dawuda cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Saboda haka zuba ƙashi a kwandon shara halal ne, babu zunubi. Idan kin san a kwandon akwai ƙunzugun jarirai ko wata najasa, ki ware ƙashin daban. Wannan shi ya fi dacewa da manufar hadisin, kuma ba wata wahala ba ce.

Ƙonawa ma babu nassin da ya hana ta. Wanda ya ce ai an hana aljanu abincinsu, sai mu ce masa ba a ɗora mana ciyar da su ba, hana mu aka yi mu ɓata musu da ƙazanta. Kashin dabbobi ma yana cikin hadisin tare da ƙashi, amma musulmi ba su gushe ba suna yin taki da shi suna hura wuta da shi tun zamanin farko. Abin da ya halatta a ɗaya ya halatta a ɗayan.

A nan ina son in ja kunne a kan wani abu da ya fi batun shara haɗari. Ajiye ƙashi ko nama a wata kusurwa da niyyar neman yardar aljanu, ko don tsoron kada su taɓa mutanen gida, ba ya daga cikin addini, ƙofa ce ta shirka. Haka nan babu wata addu'a ta musamman da aka koyar a karanta yayin yar da ƙashi. Sunan Allah da aka ambata wajen yanka da wajen ci ya isa.

Sai batun cutarwa, wanda a ganina shi ne zuciyar tambayarki, kuma shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Abin mamaki, an ambaci ƙashi da sunansa a wannan babin. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa an halicci ɗan Adam da gaɓoɓi 360, kuma cikin ayyukan da ake fansar su da su akwai kawar da dutse ko ƙaya ko ƙashi daga hanyar mutane. A hadisin Abu Zarri da Tirmizi ya ruwaito an kira kawar da ƙashi daga hanya sadaka. Idan ɗauke shi lada ne, jefa shi a hanya me ya zama? Ƙashin da aka watsar yana soke ƙafar yaro, yana tara ƙuda da ɓera da karnuka, maiƙon da ke jikinsa kuma yana toshe magudanar ruwa. Duk wannan yana ƙarƙashin faɗin Annabi (SAW): "Ba cuta, ba cutarwa." Zuba shi a hanya, ko a kwata, ko a ruwan da mutane da dabbobi ke sha, ko a jikin katangar maƙwabci, bai halatta ba, kuma laifin yana girma gwargwadon girman cutar. Ƙonawar da muka ce halal ce ma tana komawa haram idan hayaƙinta da ƙaurinta za su dami maƙwabta, musamman idan aka haɗa da leda da roba, waɗanda hayaƙinsu guba ne.

Abin da na fi so a gare ki shi ne kada ki ɗauki ƙashi shara tun farko. Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa Allah ya ƙi mana tozarta dukiya. Ƙashin da aka yar da tsoka a jikinsa da ɓargo a cikinsa abinci aka yar. Wanda aka cire kafin a kai ga baki a tafasa shi a sami romo, kuma Annabi (SAW) ya umarci Abu Zarri cewa idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa.

Bayan nan sai lambunki. Ƙashin dabbar da aka yanka yankan shari'a mai tsarki ne, haka ƙayar kifi, don haka yin taki da su halal ne ba tare da wata shakka ba. Saɓanin malamai a ƙashin mushe yake: Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne, Hanafiyya suna ganin mai tsarki ne, kuma wannan bai shafi ragowar abincinki ba. Wajen kashi 2 cikin 3 na nauyin ƙashi ma'adini ne na kalsiyam da fosfaras, fosfaras kuwa shuka ba ta yin saiwa da 'ya'ya sai da shi. Takin zamani ma daga nan ya faro, domin a 1842 wani Bature a Ingila, John Bennet Lawes, ya yi rajistar hanyar haɗa taki bayan gwaje-gwajen da ya yi na narkar da ƙashi da ruwan asid. Yau daga duwatsu ake haƙo fosfaras, kuma abin da aka haƙe ba ya dawowa. Mai mayar da ƙashi cikin ƙasar noma yana mayar da amana ne inda aka ɗauko ta.

Ki tafasa shi har maiƙo da tsoka su fita, ki shanya ya bushe ƙayau, ki daka, sannan ki cuɗa garin da ƙasa a gindin shuka. Kada ki jefa shi ɗungurungum a kan tulin taki, zai yi shekaru bai ruɓe ba, ga jawo ɓeraye. Idan dakan ya yi miki wuya, ki haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, nesa da rijiya, ki rufe. Wannan binnewa ce ta tsafta da amfani, kada ki ƙudurta cewa ibada ce da aka shar'anta. Inda hukuma ta ware mazubi na musamman don ragowar abinci, a bi tsarinta, domin maslaha ce ta jama'a. Ragowar abincin da aka danne a juji babu iska tana fitar da iskar metan, mai ƙara ɗumamar yanayi.

Ba wa kare ko kyanwa kuwa lada ne a asali, domin Annabi (SAW) ya ce "a cikin kowace ɗanyar hanta akwai lada." Sai dai dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya yi tsini, ya maƙale a wuya ko ya huda hanji. Ki zare musu tsokar, ki hana su ƙashin. Garin ƙashi kuma kada a zuba shi a abincin shanu da tumaki da awaki. Cutar haukan shanu da aka gano a Birtaniya a 1986 ta yaɗu ne ta abincin da aka haɗa da garin nama da ƙashi, har gwamnati ta hana shi a 1988, kuma daga baya cutar ta kashe mutane. Idan kina kiwo, ki tabbata garin ya shiga ƙasa sosai yadda dabba ba za ta lashe shi ba.

Allah ne Mafi sani.