Tambayoyin Masu Karatu: Me ake kallo a zanen da bai yi kama da komai ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni mai ɗinkin hula ne a wani ƙauye kusa da Kazaure. Ƙanena ɗan makaranta ya nuna mini zanen Turawa a waya, layuka baƙaƙe da ɗan ja da shuɗi, wani kuma baƙin murabba'i ne kawai. Ya ce kuɗinsu ba a magana. Ba mutum, ba doki, ba bishiya. Me ake kallo a ciki?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya sa wa sana'a albarka. Mai layukan nan, yadda ka kwatanta shi, aikin Piet Mondrian ne, mutumin ƙasar Holan da aka haifa a 1872, ya rasu a Amurka a 1944. Kada ka ɗauka zane ne bai iya ba. Shekara da shekaru yana zana bishiyoyi da gonaki, sannan ya shiga rage su kaɗan-kaɗan har reshe ya koma layi. Daga ƙarshe bai bar wa kansa komai ba sai layin tsaye da na kwance, da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, da fari da baƙi da ruwan toka. Ya riƙe wannan ƙa'ida gam, har ya raba gari da abokinsa Theo van Doesburg, wanda suke tare a ƙungiyar masu zane mai suna De Stijl tun 1917, lokacin da shi abokin ya fara jan layi a karkace.

To kai da allura ke hannunka kullum, ka fi kowa sauƙin ganewa. Idan ka shimfiɗa zare a hula, wa ya taɓa tambayarka kamannin wa ka ɗinka? Abin da mai saye ke dubawa shi ne ko launi ya zauna, ko wani gefe ya rinjayi wani. Da wannan idon za ka kalli Mondrian, sai dai akwai inda kuka bambanta, kuma nan daɗin yake. Kai maimaita gida kake yi, dama ta yi daidai da hagu. Shi kuwa ya ƙi maimaici. Ka sa ƙanenka ya buɗe maka zanensa na 1930 mai ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Jan ya cinye sama ta dama, ƙato guda. Shuɗin yana ƙasa ta hagu, bai kai rabinsa ba. Ruwan ɗorawan ɗan mitsitsi ne, ya maƙale a ƙasa ta dama. Yanzu sa yatsa ka rufe shuɗin, za ka ji jan ya danne komai. Ɗage yatsan, sai zanen ya miƙe. Ka lura kuma, layukan ba kaurinsu ɗaya ba. Wallahi nakan daɗe ina kallon wannan zane ban gaji ba.

Baƙin murabba'in kuwa na Kazimir Malevich ne. Ya nuna shi a birnin Petrograd na Rasha a 1915, ya rataye shi can sama a kusurwar ɗaki, gurbin da Rashawa ke ajiye hotunan ibadarsu. Da gangan ya yi, yana shelar cewa zane ya daina bautar kwaikwayo. A ganina ƙarfinsa na cikin tarihinsa, bai kai na Mondrian daɗin kallo ba, balle a waya, inda ba ka ganin yadda fentin ya tsattsage har launukan da ke ƙasa suka leƙo.

Batun kuɗi, gaskiyar ƙanenka ce. A 2018 an yi gwanjon wani zanen Malevich a New York sama da dala miliyan 85. Masu kuɗi na rububin aikin waɗanda suka fara buɗe hanyar ne, ga shi kuma ba su da yawa a kasuwa, galibinsu suna gidajen adana kayan tarihi.