Amsa ga jikana game da ginin dutsen mutanen Sukur

Jikana, na ga saƙonka, inda kake tambaya ko tsoro ne ya kai mutanen Sukur zama a kan dutse, da kuma abin da ya sa suke jera duwatsu ba tare da laka ba, alhali mu a ƙasar Hausa da tubali da jar ƙasa muka san gini. Tambayar tana da kyau, amma akwai ɗan raini a ɓoye cikinta, kuma shi nake son in cire maka.

Sukur tana cikin duwatsun Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, a tudun da ya haura mita 1,000. Akwai Sukur Sama, inda fadar sarkinsu take, wanda suke kira Hidi, akwai kuma Sukur Ƙasa a gindin dutsen. Gaskiya ne tsoro yana da nasa rabo a tarihinsu, domin Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya yi ta kai musu hare-haren kamun bayi tun daga wajejen 1912, kuma shi da kansa ya bar labarin a kundin da ake rubuta masa, kafin Turawan Ingila su tuɓe shi a 1927. Sai dai ya same su ne a kan dutsensu da daɗewa, kuma abin da ya zaunar da su can arziki ne. Ƙarfe suke yi. Sukan tara baƙin yashin tama da ruwan sama ke wankowa cikin ƙoramu, su narka shi da gawayi da zuga-zugi, sannan fatake su hau su saya, a kai shi har ƙasar Borno a ƙera fartanya. Sana'ar ba ta mutu ba sai wajen shekarun 1960, lokacin da ƙarfen Turawa ya cika kasuwa da araha.

Game da gini kuwa, kada ka ɗauka ba su san laka ba. Da ita suke yin rumbu da bangon ɗakunansu masu da'ira, su yi jinka da ciyawa, su kare da zana, kusan yadda ka sani a ƙauyenmu. Inda suke barin dutse tsurarsa shi ne katangar gida, da bakin gona, da hanya, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ganin ruwan damina yana gangarowa daga tudu. Bangon da aka toshe da laka yakan tare ruwa har ya jiƙe ya zube, amma wanda aka jera dutse kan dutse yana barin ruwan ya tsiyaye ta tsakanin duwatsun, ƙasar kuma ta tsaya a bayansa. Da wannan dabara suka yanka gefen dutsen hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da 'yar gonarsa ta dawa ko gero. Magininsu yakan juya dutse ɗaya a hannu, ya gwada wannan fuska ya gwada waccan, har sai ya zauna daram, sannan ya cusa ƙananan tsakuwa a ƙarƙashinsa. Aiki ne na ido da haƙuri, kuma ni a ganina ya fi zuba siminti wuya nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi burge ni a gidajensu shi ne ɗakin bijimi. Sukan haƙa rami mai da'ira a cikin gida, su ɗaure gefensa da duwatsu, su rufe samansa, su ajiye ɗan maraƙi a ciki ana kai masa ciyawa da ruwa har ya zama bijimi. Dukiyar gida ke nan da mutuncin mai gida wajen aure da bukukuwa, takinsa kuma yana komawa gona. Fadar Hidi ita ma duk da dutse aka kewaye ta, da ƙofofinta da wurin zaman shari'a, kuma hanyoyin da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu suna sauka daga can zuwa ƙasa. Wannan duka ne ya sa hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, kuma ita ce ta farko a Najeriya.

A 2014 'yan Boko Haram suka hau suka ƙona gidaje da rumbuna, har da sashen fadar. Jinka ta ci wuta, katangun dutse kuwa suka tsaya, mutanen suka dawo suka sake rufin ɗakunansu. Idan ka yi niyyar zuwa, ka fara bincikar lafiyar hanya, ka tafi da rani, ka fara kai gaisuwa fada kafin ka shiga ɗaukar hoto, kuma kada ka taɓa wani dutse da ka ga an keɓe a gona sai ka tambaya, domin wasu wuraren ibadarsu ne. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.