Me Ya Sa 'Yan Kallon Resilin Ke Yi Wa Jarumi Ihu, Su Tafa Wa Mugu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina yawan kallon resilin na WWE, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Kowa ya san an riga an tsara wanda zai ci. To me ke sa 'yan kallo su riƙa tada jijiyar wuya, har su yi wa wanda kamfani ya tsayar a matsayin jarumi ihun ba-ma-so, su kuma tafa wa mugu? Sannan ihun nan nasu yana canza wani abu, ko kashe maƙogwaro kawai suke yi?

Daga wani mai karatu

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiyarka, tsarawa ake yi, kuma kamfanin ya daɗe da daina ɓoyewa. Tun a 1989, lokacin yana amsa sunan WWF, ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey ta Amurka cewa sana'arsa nishaɗantarwa ce, ba gasa ba, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Marubuta ne ke yanke wanda zai faɗi, da mintunan da za a ba wasan, da mafi yawan abin da za a faɗa a makirfo. Abin da alƙalaminsu bai kai gare shi ba shi ne sautin da zai fito daga bakin dubban mutanen da suka sayi tikiti. Shi ya sa nake cewa mai zama a zauren nan yana cikin wasan, ko da bai taka igiya ba.

Ka lura da kyau idan mugu ya shaƙe jarumi a ƙasa ya kwantar da kansa kusa da kunnensa. Sau da yawa magana suke yi. Alƙalin wasa kuma yana da ɗan abin saurare a kunne, ana gaya masa daga bayan fage mintunan da suka rage, shi kuma ya raɗa musu. Idan zaure ya yi sanyi, sai su taƙaita shaƙar su tashi. Idan mutane sun fara tafi a tare suna kiran sunan jarumi, gwanin mugu ba zai sake shi nan da nan ba. Zai bari ya miƙe har kan gwiwa, a ga kamar ya kuɓuta, sai ya ja gashinsa ta bayan idon alƙali ya sake maka shi da ƙasa. Yana tara haushin ne, don idan jarumi ya farfaɗo zauren ya fashe gaba ɗaya. Wannan auna lokacin ba a rubuta shi a takarda, da kunne ake yinsa.

To ihun ƙi iri biyu ne, kuma bambanta su shi ne rabin amsar tambayarka. Akwai wanda ake yi wa mugu saboda muguntarsa a cikin labari, wannan kuwa albashinsa ne. A Yulin 1996, da Hulk Hogan ya ci amanar masoyansa a kamfanin WCW ya haɗe da Kevin Nash da Scott Hall suka kafa ƙungiyar miyagu ta nWo, 'yan kallo sun yi ta jifan fagen da kofuna da tarkace yana tsaye yana magana. Kamfanin ya daɗe yana cin ribar wannan daren. Ko a 'yan shekarun nan, Dominik Mysterio ya kai matsayin da da zarar ya ɗaga makirfo ihu ke rufe muryarsa, kuma ba wanda ya fi shi murna da hakan.

Na biyun shi ne ihun da ya tsallake ɗan wasa ya nufi ofishin marubuta. A Janairun 2015 Roman Reigns ya ci Royal Rumble (wasan mutum talatin, wanda ya ci ya samu damar neman kambu a WrestleMania, bikin kamfanin mafi girma a shekara) a Filadelfiya, a matsayin sabon jarumin da kamfani ke son ɗorawa a gaba. Zauren ya ƙi shi. Aka fito da The Rock, wanda kusan ko'ina ya shiga sowa ake yi, ya ɗaga hannun Reigns, amma ihun bai tsaya ba, har mamaki ya bayyana a fuskarsa. A Afrilun 2017, washegarin da Reigns ya doke Undertaker, ya tsaya a tsakiyar fage riƙe da makirfo mintuna masu yawa, duk lokacin da ya kai shi baki sai zagi ya ƙaru, daga ƙarshe ya faɗi jimla ɗaya ya fice. Mutanen nan ba wani laifi Reigns ya yi musu a cikin labari ba. Suna cewa ne an zaɓa musu gwani ba a tambaye su ba, an kuma saka masa kalaman barkwanci da murmushin da ba su dace da shi ba. A ganina laifin bai taɓa zama nasa ba. Da ya dawo a Agustan 2020 a matsayin shugaban dangi mai girman kai da rashin tausayi, mai ba shi shawara Paul Heyman na biye da shi, mutumin dai shi ne, amma sai ga 'yan kallo suna ɗaga yatsa sama idan ya shigo. Ya riƙe kambu kwana 1,316.

Tafa wa mugu kuwa yana da dalilai da suka fi wannan sauƙi. Wani lokaci ƙorafin mugun gaskiya ne. A bikin SummerSlam na 2018 Becky Lynch ta far wa ƙawarta Charlotte Flair bayan Charlotte ta ci kambun da Becky ke nema. An tsara a tsane ta, amma 'yan kallo sun daɗe suna ganin ana tura ta baya, sai suka ɓarke da shewa. Watanni kaɗan bayan haka, a Afrilun 2019, tana cikin mata ukun farko da suka rufe WrestleMania, wato suka yi babban wasan ƙarshe, kuma ita ta ci. Wani lokaci jarumta ce ke sayen zuciya. A 1997 Bret Hart ya murɗe ƙafafun Steve Austin, jini na zuba a fuskar Austin, ya ƙi sallamawa har ya suma. Sun shiga fagen Hart ne jarumi, suka fito Austin ake so, sai dai wannan kamfani ne ya shirya shi bayan ya ga inda iska ke kaɗawa. Wani lokaci kuma ƙuruciya ce kawai ke motsawa. A Toronto a 2002 Hogan ne mugu, The Rock jarumi, amma manyan da suka tashi da Hogan a talabijin suka ƙi yarda. Su biyun suka tsaya suna waiwayen zauren, sannan suka bi abin da mutane ke so, Hogan ya dawo da salonsa na da. Idan ka kashe sauti ka kalli wasan nan, ba wani abin a zo a gani ba ne. Ka kunna sautin ka ji tsigar jikinka ta tashi.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. E, ihu yana canza abu, amma ba kullum ba, kuma ba na dare ɗaya ba.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Daniel Bryan. A Royal Rumble na 2014 a Pittsburgh, mutane suna jiran fitowarsa, ba a ma saka shi cikin talatin ɗin ba. Da na talatin ya fito aka ga Rey Mysterio ne, sai aka yi wa bawan Allah ihu, shi da yara da manya ke so. Batista, wanda ya dawo bayan kusan shekara huɗu ba ya nan, ya ci, aka ƙi shi. Gari bayan gari, mako bayan mako, ana ɗaga hannu biyu ana "Yes! Yes!", kirarin Bryan, ko ba ya cikin fage. A WrestleMania ta ranar 6 ga Afrilu a New Orleans sai da aka ba shi wasa biyu a dare ɗaya: ya doke Triple H a farko, ya kuma doke Batista da Randy Orton a ƙarshe ya ɗaga kambu. Shekara goma bayan haka abin ya maimaita kansa cikin sauri. Cody Rhodes ya ci Rumble na 2024, labarinsa kuwa shi ne ɗauko kambun da mahaifinsa Dusty bai taɓa riƙewa ba. Ranar 2 ga Fabrairu sai aka nuna kamar ya bar wa The Rock gurbinsa na karawa da Reigns mai riƙe da kambun. Intanet da zaure suka tashi a tare suna cewa Cody suke so. Ranar 8 ga wata, a taron manema labarai a Las Vegas, an juya akala: Cody ya zaɓi Reigns, The Rock ya sharara masa mari ya koma mugu, kuma labarin da ya fito daga nan ya fi wanda aka fara tsarawa nesa ba kusa ba.

Amma kada ka manta, duk ihun da aka yi wa Reigns bai hana a rufe WrestleMania da shi sau huɗu a jere ba, daga 2015 zuwa 2018. John Cena ya shafe shekaru rabin zaure na yabonsa rabi na kushe shi, kamfani bai ko gezau ba, saboda yara na sayen rigunansa kuma kujeru na cika. Abin da ake dubawa a ofis shi ne tikiti, da cinikin riguna, da yawan masu kallo a talabijin. Idan ka biya kuɗi ka shiga don ka yi wa mutum ihu, a littafinsu kai ma kwastomansa ne. Ga kuma Kofi Kingston, haifaffen Gana. Ya shiga wasan Elimination Chamber na 2019 ne don maye gurbin Mustafa Ali da ya ji rauni, 'yan kallo suka tuna shekara 11 da ya yi yana bauta ba a ba shi dama ba, suka tura shi har ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe kambun WWE. Bayan wata shida aka sa Brock Lesnar ya karɓe shi cikin daƙiƙoƙin da ba su kai goma ba. An yi fushi sosai, ni ma har yau ina ganin rashin adalci ne ga mutumin da masoyansa, amma ba a ba shi ko wasan ramuwa ba.

Abin da 'yan wasa suka fi tsoro ba ihu ba ne, shiru ne. Shi ma dai ba iri ɗaya ba ne. A daren da Bryan ya ci, Lesnar ya doke Undertaker wanda ya yi nasara sau 21 a WrestleMania ba faɗuwa. Da alƙali ya buga na uku, filin ya yi tsit, mutane riƙe da kai, baki buɗe, aka rubuta 21-1 a allo. Wannan shirun ya fi kowace sowa tsada. Wanda ake gudu shi ne na 2018, lokacin da Lesnar da Reigns ke dukan juna har jini, 'yan kallo kuwa suna wasa da ƙwallon roba a kujeru suna rera cewa wasan bai yi ba. Sai kuma 2020, da annobar korona ta sa aka yi WrestleMania ba mutum ko ɗaya. Drew McIntyre ya ci kambun da ya daɗe yana nema, ya waiwaya ba wanda zai yi murna da shi sai kyamara, ya miƙa mata hannu yana godiya.

Ka kuma sani kowace ƙasa da irin kunnenta. A Japan ana yin shiru a farkon wasa don natsuwa da girmamawa, sai a tafa idan an yi abin gwaninta. A Meziko idan wasa ya ƙayatar, kuɗi ake jefawa cikin fage.

Akwai inda nake rabuwa da wasu 'yan kallo. Ƙin labari haƙƙin wanda ya biya kuɗinsa ne. Amma a rikicin 2024 har 'yar The Rock, wadda a lokacin ita ma take aiki a kamfanin, ta ce an aika mata barazanar kisa a kan shawarar da ba ita ta yanke ba. A Nuwamban 2021 wani ɗan kallo ya tsallako ya kayar da Seth Rollins a Brooklyn. 'Yan wasan nan labarinsu ƙirƙira ne, amma jikinsu na gaske ne. A Yunin 2022 Cody ya cire rigarsa, aka ga ƙirjinsa da damtsensa sun yi baƙi da taruwar jini saboda tsokar da ta tsinke, kuma a haka ya yi wasan keji har ƙarshe. Wanda ya yi maka wannan bai cancanci a zagi iyalinsa ba don marubuci ya yi kuskure.

Idan kana son ka riƙa gane wane irin ihu kake ji, saurari daƙiƙoƙin farko na kiɗan shigowar ɗan wasa, kafin mutane su kwaikwayi na kusa da su. Sannan ka bi abin da zai faru bayan ƙararrawa. Idan suna ihu idan mugu ya yi ha'inci, suna ƙirga ɗaya, biyu tare da alƙali, to labarin ya kama su. Idan kuwa suna kiran sunan wanda ba ya cikin fage, ko na mai sharhi, to da ofis suke magana. Kuma kada ka dogara da sautin talabijin kaɗai. A zamanin korona kamfani ya riƙa saka sowa da ihun da aka naɗa, kuma a shirin da ba kai tsaye ba ana iya ɗaga wani sauti a rage wani kafin a watsa. Bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka da wayoyinsu daga kujeru ya fi nuna maka abin da zauren ya faɗa.