Da gaske ne waƙoƙin Jahiliyya ƙagaggu ne?

Tambaya: Malam, muna karanta waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da su Zuhairu a zaure, sai wani ɗalibin jami'a ya ce duk ƙage ne, bayan zuwan Musulunci aka yi su. Yaya abin yake?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar tana da tushe, amma ya zarce da ita. Baturen Ingila Margoliouth ya tayar da ita a 1925, sannan Ɗaha Husaini na Masar ya fitar da Fish Shi'iril Jahili a 1926, littafin da ya tayar da ƙura har aka janye shi, ya sake fitowa da gyara a 1927. Babbar hujjarsu ita ce ba a tattara waƙoƙin a rubuce ba sai ƙarni na biyu bayan Hijira, kuma harshensu kusan iri ɗaya ne alhali ƙabilu suna da karin harshe daban-daban.

Abin da ake yawan mantawa, malaman Larabawa ne suka fara tono wannan. Ibnu Sallam al-Jumahi, mutumin Basra, a Ɗabaƙatu Fuhulish Shu'ara ya faɗa ƙarara cewa ƙabilun da waƙoƙinsu suka yi ƙaranci sun ƙara wa kansu, ya tuhumi Hammadur Rawiya, shahararren mai ruwaito waƙoƙi, da yin ƙari a cikinsu, ya kuma soki Ibnu Ishaƙ, marubucin tarihin Annabi (SAW), kan waƙoƙin da ya jingina wa Adawa da Samudawa. Sun san akwai tsakuwa a shinkafar, suka zauna suka tsince, ba su zubar da kwanon ba.

Ni abin da ya fi gamsar da ni yana cikin baitocin kansu. Ƙasidar Abid ɗan Abras awonta yana tangaɗi, ya saɓa ƙa'idojin Khalilu ɗan Ahmad, wanda ya kafa ilimin aruli, wato ilimin awon waƙa. A waƙar Nabiga akwai iƙwa'i, wato wasalin amsa-amo ya sauya daga baiti zuwa baiti. Wanda ya yi ƙage a Bagadaza bayan an kafa ilimin aruli, me zai sa ya bar aibin da kowane ɗalibi zai kama? Ga kuma sunayen tuddai da rijiyoyi, irin Dakhul da Haumal na farkon mu'allaƙar Imru'ul Ƙaisi, wato shahararriyar doguwar ƙasidarsa, waɗanda masu bincike suka bi sawunsu a Najadu. Riwayar ma sana'a ce mai sarƙa: Zuhairu ya haddace waƙoƙin Ausu ɗan Hajar, Ka'abu ɗan Zuhairu da Huɗai'a suka haddace na Zuhairu. Nasiruddin al-Asad ya bi diddigin waɗannan hanyoyi a littafinsa na 1956.

Batun harshe kuwa, mawaƙan suna da harshen waƙa na bai-ɗaya da ya ɗara karin kowace ƙabila.

Ka ci gaba da karatunka. Sai dai in baiti ya zo ta hannun Hammadu shi kaɗai ka yi taka-tsantsan, Mufaddaliyyat kuwa, tarin waƙoƙin da Mufaddalud Dabbi ya haɗa, malamai sun fi amincewa da ita.