Injin niƙa ya hana mu barci

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni a Garin Malam nake, maƙwabcina ya kafa injin niƙa jikin katangarmu, in wuta ta ɗauke kuma ya tada grup, wato janareta, har sha ɗayan dare, tsohuwata ba ta barci. Wai a Kano akwai dokar ƙara, mu nan Damagaram fa?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Gaskiya ne, a Najeriya hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fito da ƙa'idojin ƙara tun 2009, kuma Kano ta ware wa manyan masana'antu unguwanninsu, irin Bompai da Sharada da Challawa, amma kar ka ɗauka can ɗin shiru ne, masu injin cikin unguwa suna nan birjik. Mu ma nan Nijar muna da dokar muhalli ta 1998, mai lamba 98-56, aiki da ita ne ke da wuya.

Ni dai shawarata, fara da mai unguwa, ku zauna a tsaida lokacin kashe inji, a janye grup ɗin daga katanga. In ya ƙi, ku haɗu da sauran maƙwabta ku kai takarda ma'aikatar magajin gari, sashen tsafta.