VPN ba ya dawo da shabakar da aka yanke

Ɗan'uwa, ka tambaya ko in ka sa wa Hajiya VPN, manhajar da ke kewaye toshewar intanet, a wayarta can Madani a Sudan za ku ci gaba da gaisawa ko da hukuma ta rufe intanet. Ni a Gadarif nake, harkar riɗi nake yi, kuma tun 2018 nake shan wannan ukubar.

Rufewar iri biyu ce. Akwai toshewa, akwai yankewa. A Disambar 2018, da zanga-zanga ta taso wa shugaban ƙasa Bashir, Facebook da WhatsApp da Twitter aka toshe, amma shabaka, wato intanet ɗin kansa, tana nan. Lokacin VPN ya yi rana, har dattawan kasuwarmu da ba su iya rubuta sunansu da boko ba sun san maɓallin da za su danna. Haka ma a Yulin 2025 da hukumar sadarwa ta hana kiran murya da na bidiyo a WhatsApp bisa dalilin tsaro. A irin wannan zai yi muku amfani.

Yankewa kuwa wani abu ne daban. Bayan an tarwatsa zaman dirshan na ƙofar hedikwatar soja a Hartum ranar 3 ga Yunin 2019, intanet ɗin waya bai dawo ba sai 9 ga Yuli. Me VPN zai yi? Guga ne a rijiyar da ta ƙafe. Wani lauya ya kai kamfanin waya kotu ya yi nasara, sai aka buɗe masa layinsa shi kaɗai. Mun daɗe muna dariyar takaici a kan wannan. Da Janar Burhan ya yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoban 2021 aka sake yankewa, sai 18 ga Nuwamba. Kai, ko don jarrabawar sakandare an sha ɗauke mana ita da safe, wai kada yara su yi satar amsa.

Wadda ta fi gasa mana aya a hannu ita ce ta Fabrairun 2024. Wannan ba takarda ce daga ofis ba. Manyan na'urorin kamfanonin waya na Zain da MTN da Sudani suna Hartum, Hartum kuma a lokacin tana hannun RSF, dakarun da ke yaƙi da sojan ƙasa, cikin 'yan kwanaki ƙasa ta yi tsit. Yaƙi ya riga ya sa takardar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Ina tsaye da buhuna a bayan mota, mai saye yana nuna min wayarsa, kuɗinsa na ciki amma ba hanyar fito da su. Kwana uku motar na ajiye, ina biyan mai gadi. Daga ƙarshe a takardar sigari muka rubuta bashin, shaidu biyu suka sa hannu. Samari suka riƙa tafiya Gallabat da ke kan iyaka don kama shabakar Habasha, wasu suna biyan kuɗin awa a wajen masu Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam.

Saboda haka ka sa mata VPN ɗin tun yanzu, don ranar da aka toshe saukar da shi wahala ne, kuma ka guji na kyauta da ba ka san mai shi ba. Amma ka haɗa mata da layi biyu na kamfanoni daban, da 'yan kuɗi a ƙulle a gefen zane. Ni uwata a bangon ɗakinta na rubuta mata lambata da ta maƙwabcinta mai shago da gawayi, har yau ba ta bari a shafe ba.